Wa Ya Kwashe Waken Khadiga?

Da safe Khadiga ta buɗe kabad, ta tarar kwalabenta bakwai a jere, babu ko ƙwayar wake a ciki.

Ba waken miya ba ne. Irin waken fasuliya ne na gargajiya, kala bakwai, da ta bi ƙauyukan Jazira ta roƙo a hannun tsofaffi don bincikenta na jami'a: wanne ke hawa sanda, wanne ke tsayawa guntu, wanne ke jure ƙishi. Firijin gonar gwaji a Soba ya zama akwati saboda ɗauke wuta, shi ya sa ta kawo su gida Umdurman. Sanyi ya shigo, shuka wannan makon ne. In ta rasa irin, shekararta ta tafi.

'Yan sanda? A zamanin nan na soja, wa zai je caji ofis da ƙarar wake?

Ta fara da ƙaninta Abdulganiyu, yana goge rakshansa, keken hayarsa mai ƙafa uku.

"Ina wakena?"

"Ya Duktura, ni da ko dafaffen waken ful ba na ci sai an matsa mini?"

"Jiya ka shiga ɗakina."

"Almakashi na ɗauka. Wallahi da ni ne, har kwalaben zan haɗa in kai kasuwar Suk Libya."

Gaskiyarsa. Ta koma ta shinshina kwalba. Ƙamshin sabulu. An wanke su tas, an kife sun bushe, an mayar. Abdulganiyu kuwa ko kofin shayinsa bai taɓa ɗaurayewa ba.

Sai maƙwabciya Sakinatu, mai sayar da dafaffen wake a bakin tasha.

"Buɗe tukunyar, Yaya."

"Ikon Allah! Karatun ne ya kai ki leƙen tukwanen mutane?"

Farin wake ne zalla. Na Khadiga ja ne da dabbare-dabbare. Ta ba da haƙuri, ta sha harara.

Tana dawowa ta tsaya a madafa. Murhun gawayi a share ƙal, ba a kuma zubar da tokar a bola ba. Ta dubi Goggo Mero, wadda ta yi rabin rayuwarta a gonakin auduga, tana ta jan carbi, ta ƙi ɗago kai.

"Goggo, ina tokar jiya?"

"Toka kuma? Yanzu har toka ake tuhuma?"

"Ɓarawo ba ya wanke kwalba. Mai yunwa ba ya kwasar toka. Mutum ɗaya ne a gidan nan ke ajiye iri cikin toka. Ga ta nan a farcenki."

Goggo ta ja tsaki, ta jawo tulu daga ƙarƙashin gado.

"Ƙwaro na gani a kwalba ɗaya. In zuba ido ya cinye? Da kika tashi kina ihun ɓarawo, ni zan ce ga ni?"

Khadiga ta leƙa. Duka bakwai ɗin a tulu ɗaya, an cakuɗa su da kyau.

"Goggo! Uku daga ciki ja ne iri ɗaya! Ido ba ya raba su sai sun tsiro!"

"To ki shuka mana. Mai hawa ya hau, guntu ya tsaya."

"Sannan in sake tara iri, in fara daga farko. Shekara guda fa, Goggo!"

Goggo Mero ta tura hannu cikin tokar, ta ɗebo, ta hure.

"Amma duba nan. Ko huda ɗaya."