Roƙon da Unaisi Ta Kai wa Kawunta

Unaisi na bakin murhu tana kankare kwakwa sa'ad da rediyo ya faɗi maganar da ta tsayar mata da hannu: hukuma ta soke lasisin bankin haɗin kan manoman tsibirinsu, bashi ya cinye shi, babu abin biyan masu ajiya.

Mahaifiyarta Torika ta saki tabarmar da take saƙa. "Na shiga uku! Gumina na shekara da shekaru!" Ta juyo, ido jajir. "Wa ya ce in kai ajiyata can? Ba Sakiusanki ba ne, mai farar riga da romon baka?"

Unaisi ta ce wa uwar tata, "Nana, shi fa ƙaramin ma'aikacin bankin ne..."

"Rufe min baki! Ba za ki auri ɓarawo ba ina raye."

Washegari aka mayar da tabua, haƙorin babban kifin da dangin Sakiusa suka kawo na neman aure. Unaisi ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Mutanen gari kuwa, sai ka ce jira suke. Waɗanda jiya ke wa Sakiusa kirari su ne yau ke kawar da kai a coci.

Ta same shi a gonar rogo, ya rame ya yi zuru-zuru.

"Saki, ka buɗe baki ka wanke kanka mana!"

"In ce me, Una? Ba wanda ya saci kuɗin nan. Kerekere ce ta cinye shi."

Ta san kerekere, wa bai sani ba? Roƙon ɗan'uwa ne wanda ba a cewa a'a. Wannan ya roƙi rance don jana'iza, wancan don biki, manaja ya sa hannu, biya kuwa sai an tashi kiyama.

"Har injin jirgin Momo Waisale daga can ya fito," in ji shi a hankali. "Yayan mahaifiyarki ne. In tona shi a gaban gari? Gara a ce ni ne."

Ta dube shi cikin haushi da so. Wannan wace irin kunya ce mai kashe mai ita?

Watanni suka shuɗe, wasu samari suka turo, ta ce ita ba ta ga miji ba. Ran nan ta ɗauki saiwar yaqona ta gaisuwar manya, ta shiga gidan kawun nata, ta zauna a ƙasa ta tafa hannu.

"Momo, kerekere na zo yi."

Ya washe baki. "'Yar ƙanwata, ko rigar jikina ce taki ce. Faɗi!"

"Ka je ka gaya wa Nana inda injinka ya fito."

Dariyar ta mutu a fuskarsa. Ya dubi ƙofa, ya dubi ƙasa, gumi ya keto masa. Mutumin da ya ci da al'ada, ta ina zai ce mata a'a?

Da yamma ya je. Torika ta saurare shi har ƙarshe, ba ta yi ihu ba, hawaye kawai ke zuba.

"Ashe ɗan mutane na tsine wa, alhali abin a cikin zanina yake."

Kuɗin dai bai dawo ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, Waisale kuma ya daɗe bai taka gidan ba. Amma Torika da ƙafarta ta hau tudun gonar, tana haki, ta tsaya kan Sakiusa.

"Ɗana, ka gaya wa mutanenku su dawo. Ni ce mai laifi."

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

An ɗaura aure ba kiɗa ba taro, Unaisi na murmushi ido cike da ƙwalla. Haƙuri ya biya ta, amma ba na naɗe hannu ba. Ku kuma masu saurin yanke wa bare hukunci, ku fara leƙa ɗakinku tukuna, domin zumuncin da ba ya jure gaskiya, marar laifi yake ci.