Odar Ƙonni Ba Ta Isowa

Mahbuba na zaune a shagon albasar mahaifinta a kasuwar Illela, sai wani saurayi ya kafe babur ya yi sallama.

"Ke ce mai shafin odar nan? Sunana Sahabi, daga Ƙonni nake, ƙetaren iyaka. Duk sanda na danna sai ya ce babu wannan shafi."

"Mi? Ni da hannuna na rubuta shi!"

Ta gwada a wayarta, oda ta shiga. Ta gwada a tasa, ta ƙi. Abin ya ɗaure mata kai. Ta buɗe kwamfuta tana bin saƙonnin da ke shigowa, shi kuma ya ja benci, yana ta tambaya kamar ɗalibi.

"Wannan fa? Mi ya sa adireshin shafin a wayata ya fi na taki tsawo?"

Ta duba da kyau, sai ta fashe da dariya. Wayarsa da Faransanci take aiki, shafin na liƙa wa adireshinsa haruffa biyu a gaba, ita kuwa ba ta buɗe wa masu Faransanci hanya ba. Ashe duk mutanen Ƙonni haka suke komawa ba su yi oda ba.

Ta gyara, shi ya riƙa zuwa yana fassara mata kalmomin. Ran nan ya turo saƙo: "Malamata, shafi ya gyaru, ni ne ban gyaru ba. In turo manya?"

Ta yi ta murmushi ita kaɗai.

Sai dai Lukmanu, ɗan baffanta da ya daɗe yana sonta, ya faɗa wa mahaifinta Alhaji Yari cewa baƙon kwastomominsu ya zo kwashewa. Alhaji ya ce, "Ɗiyata, ba mu san asalinshi ba. Ki fita harkarshi."

Mahbuba ta daina amsa waya, har ta rame.

Sahabi bai yi fushi ba. Ya zo da mahaifinsa, malamin makarantar Alƙur'ani, suka zauna a zaure. Alhaji ya yi tambayoyinsa, ya tsallaka Ƙonni da kansa ya bincika. Da ya dawo ya ce, "Mahbuba, na zalunci yaron ga. Kina son shi?"

Ta rufe fuska da mayafi.

Bayan sallah aka ɗaura aure. Alhaji ya dafa kanta ya ce: "Ku tahi, Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari."