Wace Sallah?

Ranar kasuwar Bodinga ce Safinatu ta fara shiga shagon Alhaji Sodangi, inda ake sayar da taki da iri da maganin feshi. Mahaifinta ne ya aiko ta daga Danchadi sayen irin albasa. Zayyanu, wanda ya yi shekaru yana auna iri a shagon bai taɓa ɓarar da ko ƙwaya ba, ranar nan sai da ya watsar da rabin gwangwani a ƙasa.

"Malam, nan cikin shago za ka yi shukar?" ta ce tana danne dariya.

"In ke za ki riƙa zuwa ban ruwa, mi zai hana?"

Shi kansa bai san inda ya samo wannan bakin ba. Kafin ta fita ya karɓi lambarta, wai don ya sanar da ita idan sabon iri ya iso. Sabon iri dai shiru, amma saƙo kullum sai ya isa Danchadi. Tana kiransa Na-Shagari, shi kuma yana ce mata Fadamata, don a wurin ɗan manomi yabo ya ƙare daga nan.

Matsalar Zayyanu ɗaya ce. Tun da ya baro Shagari, Alhaji ke masa alkawarin buɗe masa reshen shago a garinsu. Duk sanda ya tuna masa, amsar ba ta sauyawa: "Bayan Sallah, in sha Allahu." Ƙarama ta wuce, babba ta wuce, a sake zagayowa. Ga fadamar mahaifinsa can kusa da dam ciyawa ta cinye, ga shi ya iya renon dashen albasa, amma kullum yana bayan kantar shago yana jira. Har maganar ta kama bakinsa bai sani ba.

Ranar da ya je gaida Malam Kabiru, mahaifin Safinatu, dattijon bai yi kwana-kwana ba.

"Yaro, yaushe manyanka ka zuwa?"

"Bayan Sallah, Baba, in sha Allahu."

"Wace? Biyu Allah yab ba mu kowace shekara." Malam Kabiru ya gyara zama. "Maniru tela na Sifawa ya aiko, kuma shi har wata ya hwaɗi. Ban ba da ɗiyata ga wanda bai san ranar kainai ba."

Zayyanu ya yi sallama ya koma Bodinga. Da hantsi washegari saƙonta ya shigo:

"Na-Shagari, na yi tunani sosai. Ka daɗe kana jira, abin nan ba ya gaba ba ya baya. Lokaci ya yi da za ka haƙura ka bari."

Wayyo Zayyanu! Ko sake karantawa bai yi ba, ya yanke cewa an sallame shi, tela ya yi nasara. Ya kashe waya ya jefa aljihu. Baƙin ciki ya cika shi, sai dai wannan karon baƙin cikin ya zo da ƙarfin hali. Ya sami Alhaji a ƙofar shago ya durƙusa.

"Alhaji, Allah shi ƙara girma. Maganar reshen nan, wace Sallah ce?"

Alhaji ya yi dariya har hularsa na karkacewa. "Kai ka cika gaggawa. To in ka tahi Shagari, wa ka riƙe min nan?"

Nan take komai ya fito masa fili: babu wata Sallah da ke tafe. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya yi godiya, ya nemi gafara, ya ce zai tsaya zuwa ƙarshen mako ya nuna wa wanda za a kawo kan aiki. Alhaji bai taɓa zaton wannan rana za ta zo ba.

Sai da motar Shagari ta tashi da shi da jakarsa sannan ya kunna waya. Saƙonni suka yi ta faɗowa.

"Ka yi shiru, lafiya?"

"Na-Shagari, Indo ƙawata ta ce ƙila ka zaci kai na kora, haka ne?"

"SHAGON nake nufi, bawan Allah! Shagon za ka bari, ba ni ba! Ni ina zan kai tela?"

Ihun da Zayyanu ya yi sai da direba ya taka birki. Nan take ya rubuta: "Fadamata, na riga na bari. Ki ce wa Baba ya zo ya ga aikina."

Ya faɗa fadamar nan ba ji ba gani. Ya share, ya ja fangalin ban ruwa, ya zuba iri. Da dashe ya yi kyau, manoman Shagari har layi suke yi wajen saye. Malam Kabiru ya hau babur ya zo da kansa, ya tsuguna ya tumɓuke ƙwaya ɗaya, ya daɗe yana duban saiwar.

"Hannunka na da kyau," ya ce. "To, yaushe?"

"Ba..." Zayyanu ya fara, sai ya ga dattijon ya zuba masa ido. Ya haɗiye sauran da sauri. "Kahin Sallah, Baba! Kahin azumi ma!"

Malam Kabiru ya yi dariyar da aka jiyo daga bakin dam.

Cikin watan Sha'aban aka ɗaura aure a Danchadi, mutanen Shagari mota-mota. Har Alhaji Sodangi ya zo cikin babbar riga, ya kama hannun ango ya ce akwai gudummawa mai tsoka da ya tanadar masa, za ta iso bayan Sallah.

Da Zayyanu ya ba amarya labari a ɗakinta, Safinatu ta yi dariya har da hawaye.

"Bar shi ya kawo duk wadda ya ga dama," ta ce. "Mu tamu Sallar ta riga ta zo."

Allah ya sa albarka a wannan aure, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa fadamarsu ta yi ta ba da yabanya.