Kitson da Bai Ƙare Ba

A can baya, a wani gari da sunansa ya kwanta mini, an yi wata marainiya a hannun kawunta. Ana gobe Sallah ya kai ta kitso, ya tsaya a zaure, don namiji ba ya shiga.

Mai kitso ta tsaga gashi, sai ga kumburi.

"Me ya same ki, 'yata?"

"Faɗuwa na yi, Inna."

Ta ƙara tsagawa, ga wani. "Wannan fa?"

"Faɗuwa na yi." Ta ɓoye gaskiya ne, don kawu ya ce in ta faɗa, rijiya zai jefa ta.

Ya daka tsawa daga zaure: "An gama?"

"Saura kaɗan!" in ji mai kitso. Ta sunkuyo: "Muddin kanki na kan cinyata, ba mai taɓa ki."

Yarinya ta runtse ido, ta raɗa mata: "Shi ne."

Mai kitso ta tsefe abin da ta kitsa, ta aika ta ƙofar baya a kirawo mai unguwa.

"An gama?"

"Saura kaɗan!"

Mai unguwa ya zo, ya ga kan, ya tasa ƙeyar kawu.

A gidan mai kitso yarinyar ta girma. Duk wanda ya zo ɗaukarta, sai Inna ta ce, "Saura kaɗan!"