Ƙusa a Bencin Tik

Da Hashimu ya bar aikin sakatariyar Maiyama, abin da ya fara saya shi ne bencin zama ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidansa. Har Jega ya je wajen wani kafinta mai suna Tamu, ya ƙwanƙwasa wannan, ya ɗaga wancan, ya tsaya kan wani mai duhu da nauyi, na katakon tik, wanda gara ba ta ci, ruwa bai ruɓar da shi. Tamu ya ce, "Shafe shi da mai kahin damina. Amma kak ka sa mishi ƙarhe, da turakun icce anka haɗa shi."

Wata bakwai bencin na nan lafiya. Ran wata Laraba, rana ta yi ja, kaji na shiga akurki, ƙafa ɗaya ta bencin ta fara girgiɗi. Hashimu ya ɗauko doguwar ƙusa ya buga.

A bugu na uku katakon ya yi nishi. Wani baƙin ruwa mai ƙarni ya biyo ƙusar. Gidan ya yi tsit, ko kukan akuya babu. Sai dutse ya faɗo kan kwano, wani ya bi shi, wani ya fasa randa, wani ya tsaga goshin matarsa Mardiyya tana tsugune bakin murhu.

Mufida, 'yarsu mai shekara goma sha tara, ta fito daga ɗaki idanunta a kafe. Bencin da sai ƙarti huɗu suke ɗagawa ta sunkuta da hannu biyu, ta maka wa ubanta. Hashimu ya ji ƙashin hannunsa na dama ya ɓalle.

Kwana uku tana ɗaure da igiya, duk magariba sai ta tsinka. A na huɗu aka ɗauko Malam Waliyyu daga Gumbin Kure, wani tsoho siriri mai ruƙiyya. Ya zauna gabanta bayan la'asar, ya yi ta karatu. Mufida ta dinga buga kai da ƙasa har leɓenta ya fashe. Can wata muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Bari ƙona ni, Malam."

"Wace ce ke? Mi yarinyag ga ta yi miki?"

"Tun iccen ga na tsaye cikin daji muke ciki, ni da ɗana. Anka sare, munka yi haƙuri. Anka feƙe, munka yi haƙuri. Ubanta ko ya soka ma ɗana ƙarhe ga ido. Ido nika so."

Hashimu na kallo yatsan Mufida ya miƙe ya nufi idonta. Ya faɗa kanta da hannunsa mai lafiya ya danne, tana cizonsa a kafaɗa.

Malam ya ce, "Ba ki da haƙƙi kanta. Bai sani ba ya yi. Za a cire ƙusa, a kai ku bakin gulbi inda ba mai taɓa ku. In kin ƙi, in ci gaba."

Malam ya buɗe baki zai ci gaba da karatu.

"Wanda ya buga shi za ya cire," in ji muryar.

Malam ya dubi Hashimu, ya girgiza kai a hankali. Hashimu ya gane abin da yake nufi: wanda duk ya cire ƙusar, idonsa ne zai biya. Ya dubi jinin da ke bakin 'yarsa, ya ɗauki filaya da hagu, ya durƙusa gaban bencin, ya yi bisimilla ya ja.

Ƙusar ta fito kamar an harbo ta. Bai ji zafi nan take ba, sai ɗumi da ya gangaro kumatunsa, rabin tsakar gidan ya ɓace masa.

Mufida ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Kafin a kira magariba an ɗora bencin a amalanke an yi gulbi da shi.

Da ta farfaɗo ta ga tsumma a fuskarsa, ta ce, "Baba, mi ya samu idonka?"

"Aiki nika yi, ɗiyata, ƙusa ta tashi," in ji shi. "Tashi ki sha ruwa."

Har ya rasu, iyakar abin da ya gaya mata ke nan.