Shafi na Arba'in

Ranar da maigida ya ce ko in share ɗakin ajiya ko in bar aiki, na kwashe rubuce-rubucen da kamfaninmu na buga littattafai ya ƙi karɓa, na zuba musu kananzir na cinna wuta. Shekara tara ni ke duba su, ni ke cewa a'a. Ban ji komai a raina ba.

Da magariba na sauka daga motar haya ta trotro a unguwar Nima. A bakin babbar kwata wani tsoho ya tare ni, ƙaurin takarda na tashi daga rigarsa.

"Malam Wasiu, ka karanta nawa?"

"Na karanta, Baba," na ce, kamar yadda nake gaya wa kowa.

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

"Na sa ganyen darbejiya a shafi na arba'in. Da ka kai wurin, da ya faɗo."

Ya kamo hannuna ya danƙa mini ganyen, gefensa a ƙone, da sauran zafinsa. Da ya sake ni, sai na ga yatsunsa biyu sun maƙale a tafin hannuna, suna marmashewa suna zama toka.