Kakan Aminullahi

"Wallahi Sitti, ba ɗan iska ba ne!"

Raghad ta durƙusa gaban kakarta, hawaye sun jiƙa mata mayafi.

Hajiya Ɗaso ko kallonta ba ta yi ba.

"Ni na ce ɗan iska ne? Kakansa na tambaya, ya sunkuyar da kai."

Hausawan unguwar Mansur a Makka ba sa ba da 'ya sai wani dattijo ya ce ya san gidan su yaro a Najeriya. Muhannad, ɗan kawun Raghad mai sonta, shi ya karɓi aikin binciken, ya dawo da baki har kunne: babu wanda ya san su.

Saurayin nata, Aminullahi, maraya ne. Indiya ya yi karatun harsuna, yana tafinta a wani otal a unguwar Misfala. Can suka haɗu, ita tana aikin karɓar baƙi. Wasu samarin da turare suke zuwa zance, shi kuwa da Sanskrit, tsohon harshen Indiya! Ya taɓa ɓata mata hutun azahar kan kalmar "bhar", wato ɗauka.

"Tsohuwa ce tukuf, habibti. Tana da 'yar'uwa a Farisa, wata a Girka, duk uwarsu ɗaya."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kuma kamu da sonsa.

Ranar da aka hana shi, a bakin otal ya tsayar da ita.

"Na bi dangin kalma shekaru dubbai, Raghad, na kasa bin nawa..."

"To ka tafi ka nemo! Zan jira."

Ya tafi. Ta jira, Allah ya sani ta jira. Hajji ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Garin ya cika maƙil, ita ba ta da wanda za ta gaya wa ciwonta. Wayarsa ta yi ta ja baya har ta ɗauke. Sitti ta kwanta jinya, ta roƙe ta, ta kasa cewa a'a.

Ana zana mata lallen aurenta da Muhannad wayar ta shigo. Mai lallen ta kara mata a kunne.

"Raghad! Na samo shi! Tijjani sunansa, maƙeri ne a Gaya, har kabarinsa an nuna mini!"



Ta dubi hannayenta, ko hawaye ba damar sharewa.

"Allah ya jiƙansa," ta ce.